Ina Tauraruwar Take Yanzu?



Makon jiya muna bitar ƙasidar Abu Tammam kan cin garin Ammuriyya a shekarar 838, inda yake yi wa masu duba ba'a saboda sun tsorata jama'a da tauraruwa mai wutsiya, sai wata ɗaliba ta ce: "Malam, ina tauraruwar take yanzu?" Na yi shiru. Shekaru ke nan da na haddace baitocin, amma ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba.

Da na bincika, sai na tarar masana suna ganin tauraruwar Halley ce, wadda ta gifta a 837 da tazarar kilomita kusan miliyan 5 daga duniyarmu. Sinawa sun rubuta ganinta tun shekarar 240 kafin Miladiyya. A 1705 Edmond Halley, ɗan Ingila, ya bayyana cewa waɗanda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 abu guda ne mai kewaya rana, kuma za ta dawo a 1758. Ya mutu a 1742. A Disambar 1758 wani manomi a Jamus ya hango ta.

Tsawon zagayenta yana canzawa tsakanin shekara 74 zuwa 79, domin Mushtari da Zuhal suna jan ta, su jinkirta ta ko su gaggauta ta. A 1986 kumbon Giotto ya ɗauki hoton ƙwayarta: baƙin dunƙulen ƙanƙara da ƙura, tsawonsa kimanin kilomita 15. Duk sanda ta kusanci rana sai wani sashe nata ya ƙafe, shi ne wutsiyar. A Disambar 2023 ta kai ƙarshen nisanta, can bayan Neftun, ta juyo. Ana sa ran zuwanta a 2061.

Wannan amsa na kai wa ɗalibata. Sai dai ya ɗan uwa, akwai lissafin da ban faɗa mata ba. Ba a haife ni ba a 1986, kuma a 2061 zan haura saba'in, in da rai. Halley ma bai ga cikar lissafinsa ba, amma ya rubuta shi don na baya. Shi ya sa na ce ta rubuta shekarar a bangon littafinta, kuma in lokacin ya yi ta fita da 'ya'yanta su duba, ko ina nan ko ba na nan.

Allah Ya ba mu tsawon rai mai albarka.