Iskar Jahun da Fankokin da ke Tsakiyar Teku

Wanda ya bar Dutse ya bi ta Kiyawa ya nufi Jahun a watan Janairu, iska ce abokiyar tafiyarsa. Da zarar duwatsu sun ɓace a baya, ƙasa sai ta shimfiɗe, daga jigayi sai kuka da ɗorawa jefi-jefi, babu abin da zai tare hunturun da ke gangarowa daga arewa maso gabas. A fadamu kuwa ƙarar injin ban ruwa ake ji, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace ƙara kuɗi ce ke ƙonewa. Manomi na sayen mai da tsada, iska na wucewa ta kansa kyauta. Dole mai tunani ya tambaya: ba za a iya sa ta aiki ba?

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Denmak ta kafa tashar farko a duniya mai samar da lantarki daga iska a cikin teku, a Vindeby: fankoki 11, ƙarfinsu duka bai kai megawat 5 ba. Me ya kai su ruwa? A can iska ta fi ƙarfi da ɗorewa, kuma idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take ɗauke da shi kan ninka sau takwas. Sai dai tsadar aikin ta sa da yawa suka ɗauke shi almubazzaranci. A gwanjon da gwamnatin Birtaniya ta yi a 2015, farashin megawat guda na awa ɗaya ya haura fam 110. A na 2019 ya sauko wajen fam 40. Ba dabo aka yi ba. An ƙara girman fankoki, an sa kamfanoni gasa, an lamunce musu farashi na shekara 15, aka yi ta gini har hannu ya faɗa. Tashar Hornsea 2 kaɗai, wadda ta kammala a 2022, tana da fankoki 165. (A 2023, da kaya suka yi tsada, ba kamfanin da ya taya, arahar ma tana da iyaka.)

Mu namu gwajin yana Lambar Rimi a Katsina: fankoki 37, megawat 10, aikin kamfanin Vergnet na Faransa. An sace injiniyansa, Francis Collomp, a Disambar 2012, aiki ya yi ta jan ƙafa fiye da shekara 10. A ganina babbar illarsa ita ce zamansa tilo. Ba a yi na biyu ba balle masu gyara da kayan gyara su wadata.

Jahun ba ta da teku, iskarta kuma mai zuwa ce da tafiya. Rana ta fi ta alƙawari, shi ya sa farantan sola ke ta yawaita a kan rijiyoyin burtsatse. Amma hunturu yakan zo daidai lokacin noman rani, sa'ad da hazo ke rage ƙarfin farantan, kuma wannan dacewar ta isa a bincika. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Kafin wani ya zo da kwangilar fankoki, Jami'ar Tarayya ta Dutse na iya kafa dogon ƙarfen awo a kan wata jigawa tsakanin Jahun da Gujungu, ɗalibai su riƙa rubuta gudun iska dare da rana, rani da damina, na tsawon shekara 2.