Yaron da ke tsugune bayan mai kulki

A wasan besbol na Amurka, ƴan wasa tara ne ke tsaron fili, amma ɗaya kaɗai daga cikinsu yake fuskantar sauran. Shi ne mai cafe, wanda ke tsugune bayan mai kulki, fuskarsa rufe da ragar ƙarfe. Baƙo sai ya ɗauka aikinsa bai wuce tare ƙwallo ba. Alhali shi ne ke zaɓa wa mai jifa irin jifar da zai yi, da ƴan yatsu a ɓoye tsakanin cinyoyi: yatsa ɗaya jifa mai gudu, biyu mai lanƙwasa.

Na fahimci nauyin wannan aiki a wani zuwa da na yi Amurka horon aikin jarida. Ɗan mai masaukina, yaro ɗan shekara 12, shi ne mai cafe na ƙungiyar unguwarsu cikin Little League, gasar yara da aka kafa a Williamsport a 1939. Yana da wani ɗan kaye da ba ya rabuwa da shi, inda yake rubuta halin kowane abokin hamayya. Da na tambaye shi abin da yake kallo, sai ya ce ƙafafu. Wanda ya matso kusa ƙwarai, a jefa masa ta jikinsa, don hannuwansa ba za su sami sararin miƙewa ba. Wanda ya tsaya nesa, ko yake janye ƙafar gaba don tsoro, a jefa masa can waje inda kulkinsa ba ya kaiwa. In na-dama ya daki ƙwallo ta kauce dama, ya makara ke nan, sai a ƙara masa mai gudu. In ta kauce hagu, ya yi garaje, sai a ba shi mai sanyi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska; wannan yaro ƙafa da kafaɗa yake tambaya.

Kada mai karatu ya ɗauka wayon cin wasa ne kawai. Tsakanin mai jifa da mai kulki metir 14 ne a wasan yara, kuma tun 2007 dokar gasar ta hana ɗan shekara 11 ko 12 wuce jifa 85 a yini, saboda gwiwar hannun yaro ba ta gama ƙwari ba. Mai cafe da ya iya karatu yakan fid da mutum da jifa uku ko huɗu, wanda bai iya ba sai an yi bakwai. Ashe idonsa ne ke kiyaye hannun abokinsa.

Manya ma da haka suka yi suna. Yogi Berra na New York, wanda ya ci kofin World Series sau 10, ya shahara da jan masu kulki da hira don ya raba musu hankali. A Japon, Katsuya Nomura ya mai da nazarin abokin hamayya ilimi sosai, har ya koyar da shi da ya zama mai horo.

Abin da ya dame ni shi ne yadda na ga wasu masu horo suna karɓe wannan aiki daga hannun yara. Suna zaune a gefe suna aiko da alama, yaro kuwa ya zama ɗan aike. A gasar manya, tun 2022, wata ƴar na'ura ce ke isar da saƙo, bayan abin kunyar satar alamu da ƙungiyar Houston ta yi a 2017; amma ko can, mai cafe ne yawanci ke danna ta. To, in an hana yaro zaɓe yana ɗan shekara 12 don tsoron a sha kaye, yaushe zai koya? A bar shi ya duba, ya yanke shawara da kansa, in wasa ya tashi a zauna da shi a buɗe kayen tare.