Rogo da Goro

Wannan makon ba ƙagaggen labari muka zo da shi ba, abin da ya faru ne a gidanmu a Aujara.

Farkon dogon hutun damina Kawu ya kira mu zaure ya ce zai cire 'yarsa daga boko. Tana aji huɗu, amma an miƙa mata katin biki ta kasa karanta sunan amarya. Ya ce, "Shekara huɗu ina sayen takalmi da littafi, gara ta riƙa taya innarta tallan awara." Muka ce, "Kawu, a yi haƙuri, a ba mu hutun nan kawai." Ya ce ya ba mu, amma kafin a koma zai gwada ta da kansa.

Da fari mun yi shirme. Muka sayo babbar takardar haruffa ta kasuwa, mai hoton tuffa kusa da A. Kwana biyu ta haddace ta kamar waƙa, amma da ka rufe hoton da hannu sai ta yi tsuru-tsuru. Ba laifinta ba ne. Idonta na ganin tuffa, bakinta na son ya ce "tu", mu kuma muna cewa A ce.

Sai muka zauna muka tsara namu a waya, da Hausa. Sauƙin Hausa shi ne kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula biyar ne, ka jingina musu baƙi ka samu gaɓa: ra, re, ri, ro, ru. Dama shirin Mu Karanta! da aka yi a Sakkwato da Bauchi da Hausa ya fara wa yara karatu. Muka rubuta gaɓa takwas manya-manya a kowane shafi, muka kai wani shagon buga takardu a Jahun. Nan muka ga ta kanmu. Kwamfutar ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba, duk inda ƙ ko ɗ take sai wani ɗan akwati ya fito. Yaron shagon, don ya taimake mu, ya maye su da k da d. Ƙaya ta zama kaya, ƙafa ta zama kafa. An riga an buga, kuɗi ya fita, dole muka bi su ɗaya bayan ɗaya da biro muna ɗora lanƙwasar. Wanda zai gwada, ya rubuta da Gboard na Hausa, ya mayar da aikin PDF tun a wayarsa. In da hali ya sauke tsarin haruffan Andika na SIL, kyauta ne, don masu koyon karatu aka yi shi.

Muka yanka gaɓoɓin da reza muka manna a kwalin sabulu. Shafukan bin sahun rubutu kuwa Goggo ce ta kawo dabara, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ce, "Ku sa a farar leda mana, ta rubuta a kai ta goge, ai allo ne."

A mako na uku muka ajiye mata ro da go. Ta haɗa a hankali ta ce rogo. Muka juya su. Ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Goro!" Ta kwashe da dariya, ta ɗauki ra da kanta, ta fitar da rago da gora. Washegari yaran maƙwabta shida ne a tabarmar.

Kada mu yi muku ƙarya, takardar ba ta koyar da kowa ita kaɗai. Satin da muka tafi noman maimai ba wanda ya zauna da ita, mun dawo mun tarar kwalayen sun zama mafici.

Ranar gwaji Kawu ya ɗauko tsohon Magana Jari Ce ɗinsa ya buɗe tsakiya. Ta karanta layi biyu tana bi da yatsa, ta cije a kalma mai "ts", don ba mu kai nan ba. Kawu ya yi shiru, can ya ce ta ƙara zango ɗaya ya gani. Yanzu ts da sh da ƙw muke tsarawa, ranar Asabar za mu kai a buga.