Makonni Biyar Muka Ce, Makonni Biyar Muka Yi

Tun da muka dawo daga Ingila, duk ranar Lahadi bayan sujada sai an tambaye mu, "Me ya dawo da ku?" Mun ga ya kamata mu ba da amsar a nan gaba ɗaya.

Mu biyu muka tafi, miji da mata, da bizar ziyara. Yayarmu da ke Mancesta ta haihu, ta gayyace mu. Bizar tana ba mutum damar zama har wata 6, amma a takardar da muka cika mun ce makonni 5 za mu yi. Mun kuma sa hannu cewa ba za mu yi aiki ba, za mu koma gida.

A mako na biyu zuciya ta fara canjawa. Uwargida ma'aikaciyar jinya ce, albashinta a gida ba ya kai mu ƙarshen wata. Sai muka soma tambayar yadda ake mai da bizar ziyara ta zama ta aiki.

Wani dattijo a ikkilisiyar da muke sujada a can ya zaunar da mu. Ya ce, "'Ya'yana, a ƙasar nan ba a yin haka." Ya bayyana mana cewa dokar Birtaniya ba ta yarda mai bizar ziyara ya nemi bizar aiki yana cikin ƙasar ba, dole ya fita ya nema daga waje. Kafin nan ma sai ya sami ma'aikata mai lasisin ɗaukar baƙi ta ba shi takardar ɗaukar nauyi, ya ci jarrabawar Turanci, ya yi gwajin tarin fuka. Mai aikin jinya kuma sai ya yi rajista da hukumarsu ta ma'aikatan jinya, wadda ke da nata jarrabawowin. Muka ce, "Mun gode, Baba," amma jikinmu ya yi sanyi.

Bayan kwana biyu wani ya kira mu. Ya ce kada mu damu, mu biya shi kuɗi zai samo mana takardar, kafin ta fito kuma akwai gidan kula da tsofaffi da uwargida za ta fara aiki da sunan wata. Gaskiya mun so mu yarda. Har muka fara ce wa juna wataƙila Allah ne ya buɗe ƙofa. Mun yi azumi a kai, amma a zuciya mun riga mun zaɓi amsar da muke so.

Da daddare muna karatun Littafi Mai Tsarki, muka iso Farawa sura 12. Yunwa ce ta kai Ibrahim Masar, ba yawon buɗe ido ba. Da ya kusa shiga ƙasar, tsoro ya sa ya ce wa Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Ya sami tumaki da shanu da bayi, amma an ɗauke matarsa zuwa gidan Fir'auna, a ƙarshe sarkin da bai san Allah ba ne ya tsawata masa ya sallame shi. Muka dubi juna. Uwargida ta ce, "Maigida, in na amsa sunan wata a wurin aiki, da wane suna zan durƙusa in yi addu'a?" Babu wanda ya ƙara magana.

Washegari muka ce wa mutumin a'a. Daga baya Baba ya gaya mana cewa wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10, kuma mutane da yawa sun biya kuɗin irin wannan takarda suka tarar babu aikin.

Ranar da makonni biyar suka cika muka hau jirgi. Yaya ta yi kuka. Mu ma ba mu dawo da murna ba, musamman da wasu suka ce mun yi wauta. Har yanzu ba mu da bizar aiki. Uwargida ta ci jarrabawar Turanci, tana shirin ta gaba, kuɗin kuma a hankali muke tarawa. Ko za mu tafi ko ba za mu tafi ba, yana hannun Ubangiji. Amma muna barci da salama, fasfo ɗinmu kuma babu abin kunya a ciki.

'Yan'uwa, neman aiki a waje ba zunubi ba ne. Amma kowace ƙasa da dokarta, ku karanta ta a shafin gwamnatin ƙasar kafin ku ba kowa ko kwabo. In hanyar da aka nuna muku sai da ƙarya za a bi ta, kada ku kira ta albarka.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka san bukatunmu da tsoronmu. Ka ba mu haƙurin jiran lokacinka, ka tsare bakinmu da hannunmu daga ƙarya, a gida ko a baƙunci. A cikin sunan Yesu. Amin.