Abin da ma'aunin zafi ya koya mana a zauren ƙungiya

Duk mai zama a majalisarmu ta nan Sabo, Ibadan, ya san gardamar da ke tashi da zarar Fabrairu ta kama. Wani ya ce ba a taɓa zafi irin na bana ba, wani ya ce ai haka aka faɗa bara. Masu kawo tumatir Kasuwar Sasa su suka fi jin maganar a jikinsu, don su ne ke buɗe kwando su tarar rabin kaya ya ruɓe a hanya. Sai muka ga gara mu miƙa tambayar ga yaranmu masu zuwa darasin yamma a zauren ƙungiya, su auna su gaya mana.

Muka sayi ma'aunin zafi na bango, da littafi, da takardun graf irin na darasin lissafi. Yara suka raba kwanaki, kullum mutum ɗaya ya duba da ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 4 na yamma ya rubuta.

Kuskuren farko namu ne, mu manya. Mun rataye ma'aunin a bangon da rana ke duka, dab da kwanon rufi, lambobi suka yi ta haura 40. Malamin lissafin da ke taimaka mana, ɗan bautar ƙasa ne, shi ya ankarar da mu. Ya ce a tashoshin Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ana ajiye ma'auni cikin farin akwati mai ramukan shan iska, a ɗage daga ƙasa, domin zafin iska ake nema. Muka mayar da shi inuwa, muka soke aikin mako biyu.

Daga Janairu zuwa Maris layin da yara ke ja ya yi ta hawa. Wani yaro ya yi tsalle ya ce, "Malam, ga shi nan, duniya na ɗumama!" Mu ma har mun fara gyaɗa kai. Malam ya ce masa, "To, mu jira damina." Zuwa Yuni layi ya sauko. A nan muka gane cewa 'yan watanni ba sa nuna komai sai shigowar bazara da damina. Shi ya sa Hukumar Yanayi ta Duniya ke ɗaukar matsakaicin shekara 30 kafin ta ce ga yadda yanayin wani wuri yake.

Sai Malam ya zo da alƙaluman hukumar NASA ta Amurka, na matsakaicin zafin duniya shekara-shekara tun daga 1880. Aka raba yara rukuni-rukuni, kowane ya ɗauki shekara 20. Shekaru a layin kwance, zafi a layin tsaye, kowace shekara ɗigo ɗaya. Da aka liƙa takardun a jere jikin bango, layin ya fito kamar haƙoran zarto. Wata yarinya ta ɗora yatsa kan 1998, ta ce, "Malam, ai bayan nan sauka ya yi." Gaskiya ta faɗa. A shekarar ruwan tekun Fasifik ya yi ɗumin da ake kira El Nino, abin da kan ɗaga zafin duniya na ɗan lokaci. Malam ya sa suka riƙa haɗa shekara biyar-biyar suna fitar da matsakaici, haƙoran suka kwanta. Daga shekarun 1970 layin ya kama hawa, bai juyo ba. Shekaru goma mafi zafi a takardar su ne 2015 zuwa 2024, kuma 2024 ce kan gaba, da kusan digiri ɗaya da rabi sama da zamanin da masana'antu ba su yawaita ba. Wannan ne mizanin da ƙasashe suka yi alkawarin ƙoƙarin tsayawa a kai a Paris cikin 2015.

Wani dattijonmu ya ce digiri ɗaya da rabi ai ba wani abu ba ne. Yarinyar nan ta ce, "Baba, idan jikin yaro ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi, ba asibiti ake kai shi ba?" Dattijo ya yi dariya ya ce ta yi gaskiya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, idan ka rufe takardar da hannu ka bar 'yan shekaru kawai, kana iya nuna wa mutum duk abin da kake so. Irin haka ake turo mana a WhatsApp. Yaranmu yanzu sukan tambaya: shekara nawa aka auna, kuma a ina?

Takardar NASA ba ta faɗi halin Sabo ba, balle na ƙauyukan da muke tura kuɗin taki. Iyayenmu sun ba mu labarin farin 1973 da na 1984, amma ba mu gaji ko takarda ɗaya da aka rubuta lambobi a kai ba. Saboda haka littafin yana nan a zaure, ana ci gaba da cika shi. Iyaye ku taimaka ku turo yara ranar da layinsu ya zo, don kwana ɗaya da aka tsallake giɓi ne a takarda. Wanda kuma ke da ɗan uwa malamin makaranta a gida, ya yi mana magana, mu aika masa ma'auni da littafi su ma su fara.