Kyanwar Inna A Gidan Bene

Zaman mutum da kyanwa ba yau aka fara shi ba. A shekarar 2004 masu binciken tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da juna. A ƙasar Hausa kuwa zaman bai taɓa zama abin damuwa ba, domin akwai tsakar gida da yashi da rana mai ƙarfi. Kyanwa takan tone ƙasa ta yi bukatarta ta binne, babu wanda ya sani. Wahala ta zo ne sa'ad da aka hau gidan bene, aka shimfiɗa kafet, aka jera kujerun kushin.

Abin da ya sami wata dattijuwa ke nan, wadda ɗanta ya ɗauko daga Katsina ya kai ta Legas bayan rasuwar maigidanta. Ba ta nemi a ɗauko mata kome ba sai akwatinta da dardumar sallarta da kyanwarta. A hawa na 3 suke zaune, ba yashi, ba tsakar gida. Kyanwa ta duba ta rasa inda za ta tona, sai ta zaɓi kusurwar kafet a bayan kujera.

Da damina ta kankama a watan Yuni, falo ya ɗauki zarni. Surukarta mace ce mai tsabta, abin ya dame ta ƙwarai. Ta sa turaren wuta safe da yamma, amma da hayaƙi ya lafa sai warin ya komo. Ta wanke wurin da ruwan zafi da sabulu, ya ƙara kamawa. Ran nan ta tuttula bilic a kai, wani tururi ya tashi ya shaƙe ta, ta yi ta tari idanu na zubar da ruwa. Daren nan ta ce wa mijinta baƙi sun fara yamutsa fuska, kuma ita ba ta da natsuwar yin salla a falon. Da safe ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, ko za a ba da kyanwar nan?” Ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, “To, in za a ba da ita, a haɗa da ni a mota guda.”

Kowace tana da gaskiyarta. Jikin kyanwa mai tsarki ne, amma fitsarinta najasa ne a wurin mafi yawan malamai, saboda haka surukar ba ƙyama kawai take yi ba. Ita kuwa tsohuwa, a garin da ba ta jin harshen mutanensa, wannan dabba ce kaɗai ta rage mata daga gidan da ta yi shekara 40 a ciki.

Wani likitan dabbobi da ke maƙwabtaka da su ne ya warware matsalar. Ya bayyana musu cewa a cikin fitsarin akwai wani gishiri, watau yurik asid, wanda ba ya narkewa sosai a ruwa. Yakan maƙale a zaren kafet da soson kujera da ƙofofin siminti, ya yi shiru lokacin da wuri ya bushe, da ya sami laima sai ya sake tashi. Shi ya sa abin da zai wuce a rani a Katsina ya ƙi wucewa a Legas. Ruwan zafi yana ƙara dasa tabo. Bilic kuwa in ya gamu da amoniyar da ke fita daga tsohon fitsari, iska mai guba yake haifarwa. Ya kuma gargaɗe su game da magungunan goge ƙasa masu yin fari kamar madara a cikin ruwa, domin sinadarin da ke cikinsu yana cutar da kyanwa idan ta taka ta lashi ƙafarta.

Hanyar da ya koya musu ba ta da tsada. In fitsarin sabo ne, a danna tsumma a kai ya tsotse, kada a goga, domin guga tana tura shi ciki. A kwarara ruwan sanyi a sake tsotsewa. Sa'an nan a gauraya ruwan khal da ruwa, kofi 1 da kofi 1, a jiƙa wurin na minti 15. In ya sha iska a barbaɗa bekin soda ya kwana, da safe a share. Tsohon tabo kuwa sai da maganin wanki mai inzayim, wanda ke narkar da gishirin kansa, kuma a fara gwada shi a ɓoyayyen wuri don kada ya ci launi. Rigar kushin a cire a wanke, soso a shanya a rana, wanda ya sha har ciki a sake shi. Muddin kyanwa tana jin ɗan ƙanshin fitsarinta a wuri, to, can za ta koma.

Abu na ƙarshe shi ne faffaɗan kwano cike da yashi a baranda, ana kwashe ƙazanta kullum, ana sauya yashin kowane mako. Ya ƙara da cewa kyanwar da ta saba da yashi ta kuma bar shi, a kai ta a duba mafitsararta, ba duka take bukata ba.

Cikin mako 2 falo ya koma yadda yake. Inna ce ta ɗauki aikin kwanon yashi, ba ta yarda kowa ya taɓa ba, surukar kuma ita ke sayo yashin daga wurin masu gini. Wanda zai ɗauko tsohuwarsa zuwa birni, ya tuna ba jikinta kaɗai zai yi wa masauki ba, har da abin da ta saba da shi. Tun ranar farko ya tanadi yashi.