Minti biyar a gaban mai kwamfuta

A farkon kowace shekara, layi kan miƙe a ƙofar cibiyoyin rajistar JAMB. Yara ne 'yan ajin ƙarshe na sakandare, wasu ma da kayan makaranta a jikinsu, kowa riƙe da lambar NIN a 'yar takarda. Sukan yini a rana. In layi ya zo kan yaro, sai ya dangwala yatsu, a ɗauke shi hoto, sannan mai kwamfuta ya tambaye shi, ko kai bai ɗago ba: "Wace makaranta? Wane kwas?" Yaro ya ce Bayero, likitanci. Na bayansa ma haka ya ce. Na bayan wannan ya ce ABU, lauya.

Ka duba fa, malam. Shaddar Sallah sai an zaga Kantin Kwari layi-layi, an taɓa, an taya, kafin a yanka yadi biyar. Amma inda yaro zai yi shekara huɗu zuwa shida na ƙuruciyarsa, a minti biyar ake yanke shi, wani na tura shi ta baya yana cewa ya yi sauri.

Suna ne ke jan su, kuma sunan ba na banza ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tana Zariya tun 1962, ta yaye gwamnoni da ministoci ba adadi. Yaro ya tashi yana jin sunan harabobinta na Samaru da Kongo a bakin kawunsa. Sai dai suna ba ya ƙara kujera. Hukumar kula da likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka a likitanci, kuma masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Jarrabawar JAMB kuwa ta maki 400 ce. Mai 210 da ya rubuta likitanci a babbar jami'a yakan kwana bakwai yana murna, sannan ya yi wata shida yana leƙa CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, a wayar yayansa.

Akwai wani lissafi da ba a cika faɗa wa yara a makaranta ba. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na gurabe na masu maki mafi yawa ne daga ko'ina a ƙasar. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a boko. Ke nan maki ɗaya yana iya shigar da yaro a nan, ya bar shi a waje a can. Gwamnatin tarayya ta buɗe jami'a a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere a 2011, ta ƙara da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013. Digirinsu digiri ne, da shi ake tafiya bautar ƙasa. Amma za ka ga ɗan Ringim ya tsallake Dutse ya rubuta Kano, don Kano ta fi daɗin faɗa a majalisa.

Sai batun kuɗi, inda nan ne iyaye suka fi ruɗin kansu. Uba yakan tambayi kuɗin rajista kawai. In ya ji adadin, sai ya ce Allah zai rufa asiri. Kuɗin rajista kuwa sau ɗaya ake biya a shekara. Abin da ke tatse aljihu shi ne na kullum. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, sai an kama haya a waje, mai gida kuma na shekara yake karɓa gaba ɗaya. Ga kuɗin A Daidaita Sahu safe da yamma, ga buga takardu, ga data, ga gas. Ga motar gida duk hutu. Ka tsaya a tasha makon komawa makaranta ka ga kayan da uwa ta ɗaure: shinkafa kwano biyu, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji a robar man shafawa da aka wanke, manja a gorar ruwa an naɗe bakinta da leda. Wannan buhu shi ne ainihin kuɗin makaranta, kuma ba ya kai wata biyu.

Don haka ni ban ga abin kunya ba ga yaron da ya zaɓi jami'ar jiharsu. Ɗan jiha yakan biya ƙasa da baƙo a irin su Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ko Sule Lamido ta Kafin Hausa. In gida na kusa, ya ci tuwon gida ya kwana ɗakinsu. Ga 'ya mace abin ya fi haka nauyi, domin sau da yawa nisan gari ne ke sa a ce ta haƙura, alhali makinta ya kai. Jami'o'i masu zaman kansu ba ruwansu da yajin aikin ASUU, wanda ya cinye wata takwas a 2022, amma kuɗinsu sai mai hali. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin rajista, har da naira 20,000 a wata. Taimako ne babba. Bashi ne dai, za a biya.

Wani abin da ke kayar da yara ma bai kai wannan girma ba. Kowane kwas da darussa huɗun da ake so a rubuta masa, Turanci dole ne a ciki. Kuskuren darasi ɗaya kan sa maki 280 ya tashi a banza. Ana iya canja makaranta ko kwas daga baya, amma sai an sake biya, an sake bin layi.

Iyaye da yayye, ku zauna da yaran nan tun kafin ranar rajista. A nemo ɗalibin da ke karatu a makarantar da ake so, a tambaye shi nawa ya kashe a zangon da ya wuce, kuma da maki nawa aka ɗauki 'yan ajinsu. Kundin JAMB mai ɗauke da kwasa-kwasai da sharuɗɗan kowace jami'a yana intanet kyauta. A buɗe shi a gida, kafin yaro ya shiga layi.